Tun Ran Gini Ran Zane: Shin Muna da Ta Cewa Kan Fasalin Garin Nan?

Duk wanda ke bin babban titin da ya ratsa Chanchaga ya shiga cikin Minna ya san gari na sauya kama. Tun da gwamnatin Mohammed Umaru Bago ta hau a 2023 aikin tituna ya kankama, katafila na ta kai-komo, ana faɗaɗa hanya a nan, ana haƙa magudana a can. Ban da aikin hukuma, ga na ɗaiɗaikun mutane: gonar da aka ci dawarta bara, bana an yanka ta fuloti-fuloti, gidan ƙasa ya koma na bulo, na bulo ya koma bene, gaban gida ya koma jerin shaguna.

Magana kam ana yi. A teburin mai shayi ana yi, a ƙofar masallaci bayan Magariba ana yi, mata ma a wurin suna da biki suna yi. Sai dai in ka lura, kusan kullum maganarmu a makare take zuwa. Sai an shafa jan fenti a bango mu fara tambayar ina hanya za ta bi. Sai ruwa ya shiga ɗaki mu fara tambayar wa ya toshe kwalbati. Hausawa kuwa tuni suka ce tun ran gini ran zane.

Tambayar da muke son mu ɗora a faifai ita ce: mutanen unguwa irin tamu, waɗanda ba hukuma ba, ba 'yan kwangila ba, kuma ake kiran su baƙi, suna da haƙƙin su zauna su yi nazarin yadda ake gina gari, su faɗi abin da suka gani? In kuwa suna da shi, haƙƙi ne kawai da mutum zai iya yafewa, ko kuwa nauyi ne da za a tambaye shi a kansa? Ra'ayinmu shi ne nauyi ne, kuma ba a iya sauke shi sai da wani zama na musamman, mai zaman kansa, wanda ba ya cin abincin kowa.

Gini ba ya ƙarewa ranar da magini ya sauka

Yawancin ayyukan ɗan Adam suna da ranar ƙarewa. In ka zagi mutum, ka ba shi haƙuri, magana ta wuce. In ka ci bashi, ka biya, an rabu. Gini ba haka yake ba. Wanda ya aza bulo yau, aikinsa zai ci gaba da taɓa mutane shekara hamsin, har da waɗanda ba a haifa ba, ko yana raye ko yana kabari.

Ɗauki misalin da kowa ya sani. Mutum ya sayi fuloti, ƙafa 50 a 100. Ya ɗaga harsashinsa ya fi na maƙwabci tsawo, ya malale tsakar gida da siminti ko intalok har ba inda ɗigon ruwa zai nutse, ya fitar da bututu waje. A ganinsa ya gyara gidansa. To amma ruwan Agusta da Satumba ai ba ɓacewa zai yi ba, gidan da ya fi ƙasa zai nufa. Na ƙasan shi ma in ya samu kuɗi sai ya ɗaga nasa, ya tura wa na gaba. Haka za a yi ta miƙa ruwa hannu-hannu har ya tsaya a ɗakin wadda ba ta da kuɗin ciko, galibi tsohuwa ko mai marayu. Babu wanda ya yi niyyar cutar da ita a cikin dukkansu, amma an cuce ta.

Haka wanda ya ɗora bene ya buɗe taga tana kallon tsakar gidan maƙwabci: daga ranar matan gidan sun rasa sakewa a inda suke girki da wanki. Haka wanda ya haƙa sokawe dab da rijiyar wani. Haka wanda ya ci taku biyu na lungu da katangarsa, na kusa da shi ya ga ba a ce komai ba shi ma ya ci, har ranar da za a fito da gawa makara ta kasa juyawa, ko gobara ta tashi motar kashe wuta ta tsaya a bakin titi tana kallo.

Ka ga ke nan gini yana cikin babin mu'amala, kamar ciniki da aure da gado. Akwai ginin da ke zama sadaka mai gudana: bishiyar da aka bari a ƙofar gida, dakalin da tsofaffi ke hutawa, hanyar ruwa da aka girmama. Akwai kuma wanda ke zama cuta mai gudana. Abin da ke da irin wannan nauyi bai kamata a bar shi ba tare da masu tunani a kansa ba.

Abin da magabata suka riga mu sani

Wani zai ce wannan ai surutun 'yan boko ne, an kwaso daga Turai. Ko kusa. A ƙarni na 14 an yi wani magini a birnin Tunis, ana ce masa Ibnur Rami, ɗan mazhabar Malikiyya kamar yawancinmu. Alƙalai kan tura shi ya duba katangar da ake jayayya a kanta, ya dawo ya faɗi abin da idon gwani ya gani. Daga baya ya tara abin da ya sani a littafi, Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. A ciki akwai hukuncin taga mai leƙen gidan wani, da ƙofar da aka buɗe saitin ƙofar maƙwabci, da hayaƙin gidan burodi, da inda ruwan sama zai bi, da wanda ya ci hanya da gininsa. Duk sun ginu kan ƙa'ida ɗaya ta shari'a, wato hana cuta da hana ramuwa da cuta. Fikihu har faɗin hanya ya yi magana a kai, ya ambaci zira'i bakwai in an yi saɓani.

A ƙasarmu ma, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ta'alimur Radi a kan mallakar ƙasa da raya wadda ba kowa, da haramin da ake bar wa rijiya da gari don amfanin kowa. Magina kuma suna da tsarinsu, da Sarkin Magina a bisa kansu, wanda ke iya duban aiki ya ce bai yi ba. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ƙasa da azara ya ɗaure bakan-gizon da har yau masana ke zuwa kallo. Irin wannan gwaninta ba ta fitowa sai a inda ake duba aiki, ake yabawa, ake kushewa.

Gidan Bahaushe na dā shi kansa amsa ce ga tambayoyin da aka daɗe ana yi. Zaure ya raba baƙo da iyali ba tare da an wulaƙanta baƙon ba. Katangar tubali mai kauri tana riƙe zafin rana, sai dare ta sake shi, shi ya sa soro ke da sanyi da azahar. Yau ga bulo mai rami da kwano ba sili, a garin da zafin Maris ke hana barci, ga kuma wutar da ba ta tsayawa balle fanka ta taimaka. Ba muna cewa kowa ya koma ginin ƙasa ba ne. Ruwan Minna ya fi na Kano da Katsina yawa, yaɓe na shekara-shekara kuma aiki ne. Abin da muke cewa shi ne an watsar da tsohuwar amsa, ba a zauna an nemi sabuwa ba. Zaure ya tafi, get ɗin ƙarfe ya maye gurbinsa, baƙo na tsaye a rana yana buga waya a buɗe masa. Wa ya yanke wannan shawara? Ba kowa. Haka nan ta faru, don babu wurin da ake tattauna irinta.

"Ai ku baƙi ne"

Wannan ita ce magana mafi nauyi da za a jefe mu da ita, kuma wani lokaci daga bakin dattawanmu take fitowa, da kyakkyawar niyya. Su ce baƙo raɓa ne, a zauna lafiya, a bar masu gari da garinsu.

Akwai gaskiya a ciki da bai kamata a tsallake ba. Minna ƙasar Gbagyi ce, su muka tarar, kuma Nufawa da sauran ƙabilun jihar nan suna da tushensu. Gbagyi sun fi kowa sanin zafin a zana gari a kan ƙasarka ba a tambaye ka ba. Dokar da ta kafa sabon babban birnin tarayya a 1976 ta ɗauki ƙasa mai yawa daga yankinsu, tsohuwar Abuja ta koma Suleja, ƙauyuka suka tashi. A nan kusa ma, duk fulotin da aka yanka a bayan gari gonar wani ce a dā. Duk wanda zai yi maganar fasalin gari bai fara da girmama wannan ba, ya fara da ƙafar hagu.

Amma fa a duba yadda Minna ta zama birni. Layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911, ta nan ya bi, wanda ya taso daga Legas kuma ya zo ya haɗu da shi a nan. Jirgi ya jawo leburori da 'yan kasuwa da malamai da masu sana'a daga ko'ina. Sunayen unguwanni ma sun isa shaida: Limawa, Makera, Kwangila, Sabon Gari, ga Dutsen Kura Gwari ga Dutsen Kura Hausa. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976, Minna ta zama hedikwata, aka sake wani sabon kwararowar jama'a. Birnin da muke ciki hannu da yawa ne ya ɗaga jinkarsa. Akwai a cikinmu wanda kakansa a nan aka binne shi. Shi wannan in raɓa ne, to rana ta daɗe ba ta fito ba.

Sannan ruwa ba ya tambayar asali. Ambaliyar da ta auka wa Mokwa a ƙarshen watan Mayun 2025 ta kashe fiye da mutum 150, kuma Unguwar Hausawa da Tiffin Maza ne suka fi jin jiki. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda zango ke kafuwa a ko'ina. Wanda ya zo daga baya, da ɗan abin hannunsa, yakan samu fili ne a inda ya fi araha: bakin rafi, gangare, gefen layin dogo, bayan kasuwa. Wato wanda ake ce wa ya yi shiru don shi baƙo ne, shi ne kuskuren tsari ke fara faɗa wa. Minna ma gari ne da ke gindin duwatsu, ruwa na gangarowa da ƙarfi, shi ya sa aka gina manyan magudanan kankare da suka ratsa ta. Wanda ke kwana a inda ruwan ke ƙarewa yana da abin faɗa a kan inda ya faro.

Saboda haka muna ganin akwai bambanci tsakanin neman sarauta da faɗin gaskiya kan kwalbati. Ba kujerar kowa ake nema ba. Ladabin baƙunta shi ne ka san girman mai masauki, ka yi magana da tausasawa, ka bi ta hannun masu unguwanni da fadar Sarkin Minna in abu ya kai can. Amma baƙon da ya ga bango ya tsage ya yi gum, don kada a ce ya cika baki, bai kyauta wa mai gidan ba.

"Ai ba ku karanta ba"

Ta biyu ita ce a bar wa masana. Akwai Hukumar Raya Birane ta jiha, akwai safiyo, akwai injiniyoyi, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983, da harabarta a Bosso da Gidan Kwano, tana yaye masu zanen gine-gine da masu tsara birane kowace shekara. Mu su wa?

Ilimi dai ba a raina shi. Lissafin ƙarfen da bene ke buƙata ba aikin majalisar shayi ba ne, kuma duk wanda ya ɗora hawa uku da shawarar abokai yana wasa da rayuka. Sai dai sani iri biyu ne. Injiniya ya san faɗin kwalbatin da zai ɗauki ruwa kaza. Tsohuwar da ta shekara arba'in a lungu ta san inda ruwa ke bi in an yi kwana biyu ana tafkawa, ta san inda tsohon rafi yake kafin a cike shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gari mai kyau yana fitowa ne in waɗannan sani biyu sun zauna a tabarma ɗaya.

Kuma tarihi ya nuna tsarin masana ma ba daga sama yake saukowa ba, yana ɗauke da ra'ayin wanda ya sa a yi shi. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Lugga, ta tanadi a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, da sunan kiwon lafiya. Masana ne suka zana, da ma'auni da komai, amma wariya ce aka zana. Minna ta samu babban tsarinta daga kamfanin Max Lock a 1979, wanda aka yi don ya kai gari shekara ta 2000. Yau shekara fiye da ashirin da wucewar wa'adin. Mutum nawa ne a unguwar nan suka taɓa ganin wannan taswira, ko wadda ake aiki da ita yanzu? Alhali dokar tsara birane ta ƙasa ta 1992 ta tanadi a baje daftarin tsari jama'a su gani, mai ƙorafi ya kawo. Ƙofa ce doka ta buɗe, amma ƙofar da ba mai shiga, a hankali sai ta koma bango.

Ga misali daga 'yan'uwanmu na Nijar, don a ga abin da haɗuwar sani biyu ke haifarwa. Wasu masu zanen gine-gine huɗu, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar, da Yasaman Esmaili 'yar Iran, da Elizabeth Golden daga Amurka, da Philip Sträter daga Jamus, sun haɗa kansu a wata ƙungiya mai suna united4design. Suka tambayi abin da kowa ya ɗauka an gama da shi: dole ne gidan birni ya zama na siminti? A 2016 suka kammala gidaje shida a Yamai, aikin da suka kira Niamey 2000, da tubalin ƙasa da aka matse da inji, masu hawa biyu, masu sanyi, kuma masu kare sirrin iyali. Daga nan Mariam da Yasaman suka yi aiki a Dandaji, wani garin Hausawa a jihar Tawa. Tsohon masallacin ƙasa na garin ya lalace, ana shirin rushe shi. Bayan zama da mutanen gari, maza da mata da matasa, aka tsaya kan a gyara shi ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci a gefensa, kuma aka sa maginan gargajiya a cikin aikin. An gama a 2018. A wannan yankin ne kuma Alhaji Falke Barmu, maginin da bai yi karatun jami'a ba, ya gina masallacin Yama, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Darasin a nan shi ne tambaya ce ta ceci masallacin Dandaji, kuma an yi ta kafin a kawo diga.

Me ya sa sai mai zaman kansa?

To, ai muna da ƙungiyoyin ci gaban unguwa, muna da kwamitin masallaci, muna da kansila. Me ya kawo wani sabon zama?

Dalili shi ne duk wanda ke da bakin magana kan ƙasa a yau, kusan yana da abin da zai samu ko zai rasa. Dillali na son a sayar. Ɗan kwangila na son a ba shi. Ɗan siyasa na son abin da za a yanke wa kirtani kafin zaɓe. Ma'aikaci na tsoron a ɗauke shi daga kujera. Mai fili na son diyya ta yi tsoka. Babu laifi a ko ɗaya, neman halali ne. Amma in duk waɗanda ke ɗakin masu rabo ne, wa zai yi magana da bakin yaron da ba shi da filin ƙwallo, ko wanda za a haifa nan da shekara ashirin ya tarar ba maƙabarta, ba makaranta, ba inda zai dasa bishiya? Dole a samu wasu a ɗakin da ba sa sayarwa, ba sa saye, ba sa neman ƙuri'a.

Kuma 'yancin nan yana da farashi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da irin wannan zama ya karɓi buhun shinkafa daga ɗan takara, ko kujerun roba daga mai gina rukunin gidaje, ranar ya mutu, ko da ana ci gaba da taro. Gara a zauna a tabarmar aro, kowa ya sayi ruwansa. Haka nan ba a son ya zama sansanin 'yan adawa. Wanda ke kushe duk abin da gwamnati ta yi, da wanda ke yaba duk abin da ta yi, jirgi ɗaya ya kwaso su: dukansu sun san amsa kafin su ga aikin. Nazari shi ne a je a duba, a auna, in titi ya yi kyau a ce ya yi, in an manta da wurin tsallakawar 'yan makaranta a ce an manta.

Sannan wanda zai faɗa wa hukuma gaskiya, sai ya iya faɗa wa na gida. Alhajin da ya gina shago a kan lambatu ɗan unguwa ne, wataƙila shi ya sayi lasifikar masallaci. Mai zuba shara a magudana da daddare ba daga Abuja ya zo ba. In zaman ya iya ɗaga murya kan katafila amma ya kasa buɗe baki kan katangar babban mutum, to ƙungiyar kare kai ce kawai, kuma ba wanda zai saurare ta a waje. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Ba hana ci gaba ba ne?

Akwai masu tsoron cewa yawan tambaya na tsayar da aiki. Gari na buƙatar tituna, kuma titi ba ya faɗaɗa sai wani abu ya matsa. Gaskiya ne. Wani lokaci maslahar jama'a tana gaban ta mutum ɗaya, shari'a ta yarda da haka, doka ma ta yarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a, kuma diyyar da ta tanada ta abin da aka gina ko aka shuka ce a kai. Ya kamata kowane mai gida a unguwar nan ya san wannan, musamman wanda abin da ke hannunsa takardar ciniki ce kawai da sa hannun shaidu.

Amma kalmar amana ita ce mabuɗin. Mai riƙon amana ana tambayarsa, kuma tambayar ba raini ba ce. An ga abin da ke faruwa in babu masu tambaya. A Yulin 1990 aka rushe Maroko a Legas, mutane wajen 300,000 suka rasa matsuguni cikin 'yan kwanaki, wurin kuma daga baya ya zama unguwar masu hali. A Kano, a Yunin 2023, sabuwar gwamnati ta rushe gine-ginen da ta ce wadda ta gabace ta ta ba da filayensu ba bisa ƙa'ida ba, har da shagunan filin Idi. Ko wane ɓangare mutum yake, dukiya ta salwanta sau biyu, ran gini da ran rushewa. Da an yi gardamar tun filin yana fili, da ta fi araha. Saboda haka tambayar da aka yi a kan lokaci ba ta jinkirta aiki kamar yadda gyaran kuskure ke jinkirta shi.

To, me za a zauna a yi?

Ba wani abu mai wuya ba ne, kuma ba ya buƙatar ofis ko hatimi. A samu mutum goma ko sha biyar masu haƙuri: magini, mai haɗa famfo, malamin fikihu, malamin makaranta, ɗalibi ko biyu daga masu karatun tsara birane, mai tuƙa keke-napep wanda ya san kowane rami, dattijon da ya san unguwa tun tana daji. Lallai a sa mata, ko a zama ɗaya ko a nasu, don su ke wuni a cikin gidajen nan, su suka san zafin ɗaki da nisan ruwa da hayaƙin madafa. Lallai kuma a gayyaci maƙwabtanmu Gbagyi da Nufawa da Yarbawa da Ibo, Musulmi da Kirista. Lambatu ɗaya ya haɗa mu, zaman da ya tsaya kan ƙabila ɗaya rabin lambatun kawai zai gani.

Aikin farko tafiya ce. Washegarin ruwa mai ƙarfi a zaga da ƙafa, a ga inda ya kwanta, a ɗauki hoto da waya, a rubuta. A zana taswirar unguwa ko da a kan kwali ne, a sa rijiyoyi da bohol da sokawe, da filayen da suka rage na kowa da kowa. A zauna da tsofaffi a rubuta inda rafuka da burtali da kasuwar dā suke, kafin su tafi da saninsu. A nemi ganin tsarin da hukuma ke da shi kan yankinmu, cikin ladabi, a rubuce, a karanta shi da Hausa a gaban jama'a. In wani zai fara gini, a ba shi shawara kyauta tun yana kan zane: taga ta kalli nan, bar wa ruwa hanya ta can, ga inda bishiya za ta tsaya. Ba tilas, ba tara, ba shari'a. Ƙarfin irin wannan zama ɗaya ne tak, a san shi da gaskiya. Abin da aka gano kuma a kawo shi shafukan mujallar nan, a yi gardama a kai, wanda ke da ja ya ja.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan me, alhali duniya ba gidan zama ba ce. Haka ne, ba gidan zama ba ce. Amma wanda ya yada zango ya tarar da rijiya da inuwa, wani ne ya haƙa, wani ne ya dasa, kuma su ma sun san wucewa za su yi. Kakanninmu da suka sauka a garin nan sun samu wurin shimfiɗa tabarma don wasu sun matsa musu. Abin da za mu biya da shi shi ne mu bar wa na baya unguwar da za a iya zama a cikinta: lungun da makara za ta wuce, ɗakin da za a iya barci a watan Maris, hanyar da ruwa zai bi ba ta kan gadon kowa ba.

Damina mai zuwa ba za ta jira mu gama shawara ba. Masu sha'awa su fara magana da juna tun yanzu, su sanar da mai unguwa, a sa rana. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar maƙwabtaka, ya zaunar da garinmu da jiharmu lafiya, amin.